Sanyin Jos: Da Gumin Wa Aka Saye Shi?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin wasu 'yan bokonmu da attajiranmu na Hausari, wadda ya kamata a yi mata tankaɗe da rairaya. Da zarar bazara ta kama, zafin Yerwa ya haura digiri 40, sai mai hali ya kwashi iyalinsa ya bi ta Damaturu da Potiskum da Bauchi ya haye tudun Jos shan iska. Wannan kam babu laifi, domin wanda rana ta gasa ba a hana shi neman inuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne tsarabar da yake dawowa da ita. Sai ka ji shi a majalisa yana wasa Bature, wai ya iya zaɓen wuri, wai ya san darajar hutu, wai da a ce bai tafi ba da yanzu ƙasar nan ta zama aljannar duniya. To, ni ina ja da wannan magana, kuma ga hujjojina.

Da farko dai, Bature bai halicci sanyin Jos ba. Allah ne Ya ɗaga wurin kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma Birom da Anaguta da Afizere suna zaune a kai suna noman acca tun kafin Ingila ta san da zamansa. Abin da ya kai Bature can kuza ce. Tun daga shekarar 1904 kamfanonin Turawa suka fara tonon ƙasar, kuma kafin a shimfiɗa dogo, a kan kawunan 'yan dako ake ɗaukar kuzar nan har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Saboda kuza aka ja ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta isa Bukuru a 1914. Saboda ita aka kafa tashar lantarki a Kurra. Mu kuwa a nan Barno, da yake ba mu da kuza, sai a 1964 jirgi ya iso mana, bayan an sami mulkin kai.

Na biyu, wurin shaƙatawa a kan tsauni tsohuwar dabara ce ta 'yan mulkin mallaka. A Indiya, tun 1864 suka mayar da Simla mazaunin gwamnati a lokacin zafi. Irin wannan tunani ne ya sa Jos ta zama wurin da jami'in Bature da zazzaɓi ya galabaitar a Lakwaja ko Yola yake zuwa ya murmure, har aka gina masaukin Hill Station a 1938. Amma wa aka yi wa shi? Dokar tsara garuruwa ta 1917, wadda aka yi a zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Ke nan kakanka, ya kai mai yabon Bature, in har ya taka wannan ciyawa da kake sha'awa, to ya taka ta ne a matsayin kuku ko boyi ko mai ban-ruwan furanni.

Na uku, kuma shi ne mafi ɗaci. A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza a tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Sai gwamnati ta sa dokar aikin tilas, wanda talakawa suka laƙaba wa suna diban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubban manoma daga lardunan Arewa, ta hannun hakimai da dagatai, aka zuba su a sansanonin haƙa. Mutanen da suka tashi a ƙasar zafi aka tsunduma cikin ruwan wankin kuza, ga hunturu, ga ƙarancin abinci, ga rashin mayafi. Da yawa ciwon ƙirji ya yi ajalinsu. Ashe sanyin da ya zama magani ga Bature, shi ya zama likkafani ga lebura. Wanda bai san wannan ba, ya je Jos amma bai ga Jos ba.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ai su sun gina, mu kuwa mun rusa; dogon da ya zo Maiduguri ma mun bar shi ciyawa ta cinye. Gaskiya ne, kuma ba zan kare sakacinmu ba ko da da kalma ɗaya. Sai dai lalacin magaji ba ya wanke ɓarawon da ya shiga gidan uba. Kuma in lissafin gado za a yi, a haɗa da ɗaruruwan kududdufan da kamfanoni suka bari a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, gonakin mutane da suka koma ramuka, waɗanda 'yan yawon buɗe ido suke ɗaukar hoto a bakinsu suna ce musu tafki.

Saboda haka ban ce kada a je ba. A je, a sha iska, a hau duwatsun Shere, a ci dankalin Turawa da ɗumi-ɗuminsa. Amma a shiga da yara gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, a nuna musu sassaƙen Nok, waɗanda aka fara tono su a ramukan kuza, su ga cewa ƙasar nan tana da masu fasaha fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A tsaya da su a bakin kududdufi guda a gaya musu wanda ya haƙa shi, da abin da ya same shi. Sa'an nan ɗalibanmu na Hausa su bazama ƙauyuka, su rubuta abin da tsofaffi suka ji daga iyayensu game da diban gwamna, tun kafin ƙasa ta rufe sauran masu labarin.

Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Haka nan wanda ya bar tarihinsa, wani ne zai ba shi labarin kansa, kuma ba zai ba shi da daɗi ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kwanta a tudun nan ba tare da an rubuta sunansu ba, mu kuma Ya ba mu idon gani.