Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya: Wa Zai Kawo Shaida, Soja Ko Gwamnati?

Jama'a, duk shekara ranar 28 ga Fabrairu hukuma kan ajiye furanni a mararrabar Kiristansbog da ke Akra, don tunawa da Sajan Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, waɗanda aka harbe a 1948. Laifinsu kawai shi ne sun dawo daga yaƙin duniya na biyu, suka nufi fadar Gwamna da takardar koke kan haƙƙinsu da aka danne. Mu nan Zangon Kumasi maganar ta shafe mu, domin kakanninmu da yawa sun sa kaki, wasu har Bama suka je, kuma da Hausa ake ba da umarni a bariki a wancan zamani. To, furanni dai ba sa sayen magani. Shi ya sa yau muke son mu leƙa Amurka, mu ga abin da za mu koya.

Tsakanin 1962 da 1971 jiragen sojan Amurka sun fesa maganin ciyawa wajen galan miliyan 20 a dazuzzuka da gonakin Biyetnam, don kaɗe ganye su hango abokan gaba. Mafi shahara shi ne Agent Orange, wanda aka haɗa da magunguna biyu, 2,4-D da 2,4,5-T, kuma na biyun ya gurɓata da wata muguwar guba mai suna dayoksin. Da sojojin suka koma gida cututtuka suka yi ta ɓulla, hukuma kuma ta ce kowa ya kawo shaidar cewa feshin ne ya jawo masa. Ina talakan soja zai samo shaidar abin da ya shaƙa shekara 20 da suka wuce? Sai a 1991 majalisarsu ta yi dokar da ta juya lamarin: muddin mutum ya yi aiki a wurin a lokacin, kuma cutarsa tana cikin jerin da aka amince da shi, to a ɗauka yaƙin ne sanadi, a biya shi kuɗin naƙasa.

Sai dai an bar baya da ƙura. Sankarar ƙwaƙwalwa ba ta shiga jerin ba, bisa hujjar cewa bincike bai tabbatar da alaƙarta da feshin ba. A 2022 wata sabuwar doka ta amince da wannan cuta ga sojojin da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan, amma ɗan'uwansu na Biyetnam sai ya kare ƙararsa shi kaɗai. Ga shi kuwa mafi munin nau'in cutar ba ya jiran kotu. Sanata John McCain, wanda shi ma tsohon sojan Biyetnam ne, an gano masa ita a Yulin 2017, ya rasu a Agustan 2018. Sau da yawa bazawara ce ke ƙarasa shari'ar.

Abin tambaya a nan shi ne, idan ƙasa mai arziki da takardu birjik ta wahalar da sojanta haka, ina ga namu? Sojojin Gana sun je Kwango a 1960, sun daɗe a Labanan, sun shiga Laberiya a 1990, suna Ruwanda a 1994. Ba mu ce an fesa musu guba ba, amma wa ya rubuta abin da suka shaƙa ko suka sha a can? Muna da hukumar kula da tsofaffin sojoji wadda dokar 2012 ta kafa. Muna kira gare ta da 'yan majalisarmu da su yi abu uku: a adana wa kowane soja tarihin wuraren da ya yi aiki, a fitar da jerin cututtukan da za a biya ba tare da jeka-ka-dawo ba, sannan idan ya rasu haƙƙin ya koma ga iyalinsa. Wani zai ce za a biya wanda cutarsa ba daga fagen daga ta zo ba. Haka ne, amma gwamnati ce ta tura shi, ita ke riƙe da takardu, don haka ita ya kamata ta ɗauki nauyin shakka. Tsoho mai ciwon kai da farfaɗiya, da ke layi a asibitin Komfo Anokye, bai kamata a ce ya zama lauya ba.

Daga ƙarshe, 'yan kasuwa, mu ma da namu. Wannan 2,4-D ɗin yana cikin kayan da ke fita daga shagunan Kejetiya zuwa Paga da Bawku da Aflawo. Ba shi ne mai dayoksin ba, amma a 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ka iya jawo cutar, ta kuma ɗora gilaifoset a mataki na sama da shi. Don haka kada mu juye magani a kwalbar lemo, kada mu jera shi kusa da gari da mai, kada mu sayar da wanda ba ya da takardar bayani, mu kuma gaya wa manomi ya rufe hanci da hannu. Soja yana da gwamnatin da zai kai wa kuka, yaron gona kuwa ba ya da kowa sai gaskiyar mai shago. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.