9 ga Fabrairu: Addu'a kaɗai ba ta biyan bashin jini

Ran Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, ɗaliban jami'ar Yamai suka taso daga Harobanda cikin lumana, suka nufi tsakiyar birni. Kukansu bai wuce matakan tsuke bakin aljihu da gwamnati ta karɓo daga Bankin Duniya ba, waɗanda suka taɓa kuɗin tallafin karatu da ɗaukar ma'aikata. A kan gadar Kennedy jami'an tsaro suka tare su, suka buɗe wuta. Hukuma da bakinta ta amsa mutuwar ɗalibai uku, wasu da dama kuma suka jikkata.

Duk ma'aikacin da ya taɓa shiga yajin aiki ba tare da fargabar kurkuku ba, duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen jarida mai sukar gwamnati a bainar jama'a, to ya sani akwai bashin yaran nan a wuyansa. Jininsu ne ya haɗa kan ƙungiyar ɗalibai ta USN da ta ƙwadago ta USTN, har Janar Ali Saibou ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa a watan Nuwamba 1990. Daga nan aka kai ga Babban Taron Ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa André Salifou.

Taron ya kafa kwamitin binciken manyan laifuffuka da zaluncin mahukunta, aka saurari shaidu, jama'a na bi ta rediyo. Amma har yau ba kotun da ta yanke wa wani hukunci a kan kisan gadar Kennedy. Kowace shekara ɗalibai su yi jerin gwano, a yi addu'a, a karanta jawabi, a watse, takardun shari'a kuwa na nan kwance.

Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Wata uku bayan gada, a watan Mayu 1990, sojoji suka afka wa farar hula Abzinawa a Cintabaraden cikin jihar Tawa, bayan wani hari da aka kai garin. Wannan ɗanyen aiki ya hura wutar tawayen da sai 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar kashe ta. Ran 9 ga Afrilu 1999, ita ma Juma'a, masu tsaron Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai, sannan aka dasa afuwa ga masu hannu a ciki cikin tsarin mulkin wannan shekara. Sai da iyalansa suka kai ƙara kotun CEDEAO, wadda a 2015 ta umurci Nijar ta biya su diyyar sefa miliyan 435. A watan Afrilu 2017 kuma aka sake rasa ran ɗalibi a jami'ar Yamai yayin wata zanga-zanga. Ɗalibi, makiyayi, shugaban ƙasa: rashin hukunci bai zaɓi kowa ba.

Ba ramuwar gayya muke kira ba. Yafiya halin kirki ce, amma mai haƙƙi ne ke yafewa, kuma sai ya san wanda ya zalunce shi. Afuwar da mai mulki ya rubuta wa kansa sunanta ƙwace.

Saboda haka abu uku muke nema ga duk mai riƙe da ragamar ƙasa. A buga rahotannin kwamitin Babban Taron Ƙasa, a fassara su cikin harsunanmu, ɗan Maraɗi da ɗan Damagaram su karanta. A miƙa maganar 9 ga Fabrairu ga alƙalai tun shaidu na da rai. A sa wannan rana cikin littattafan tarihi na makarantu, don yaran da aka haifa bayanta su san farashin ƴancin faɗin albarkacin baki.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba masu mulki ƙarfin halin sauke wannan nauyi.