Tun Ran Gini, Ran Zane: Sharhi a Kan Tsarin Birnin Kano

Sharhinmu na yau ya shafi tsara birni tun kafin ya cika, watau yadda mahukunta za su hangi shekaru 30 ko 50 masu zuwa, su keɓe inda za a zauna, da inda kasuwa za ta ci, da inda za a kafa masana'antu, da kuma inda ba za a taɓa aza tubali ba. Birnin Kano za mu ɗauka abin misali, domin babu garin da ya fi shi bukatar wannan nazari a ƙasar Hausa, kuma babu wanda ya fi shi magabatan da za a yi koyi da su.

Tarihi ya tabbatar da cewa Sarkin Kano Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa, sa'an nan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Abin da ya cancanci tsokaci a cikin aikin waɗannan sarakuna shi ne, ba su kewaye gidajen da ke akwai kaɗai suka tsaya ba. Sun zagaye Dala da Goron Dutse, da gonaki, da makiyaya, da fili mai yawa wanda ba kowa a cikinsa, saboda idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a sami wurin noma da kiwo, idan kuma Allah ya yalwata zuriya a sami wurin da za ta zauna. Har lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da kimanin mutum 30,000, ya kuma tarar galibin gidaje sun taru ne a sashen kudu maso gabas, alhali sauran cikin ganuwa fili ne. Haka gwanin tela yake yi wa rigar yaro, ya bar ƙari a cikin ɗinki, don ya san mai rigar zai girma.

Ba a fili kaɗai hikimarsu ta tsaya ba. Sun san kowace sana'a da irin cutarwar da take tafe da ita, saboda haka marina suka sami matsuguni a Ƙofar Mata, majema da dukawa da maƙera kowa da unguwarsa, fatake kuwa masu raƙuma suka riƙa sauka a Fagge, bayan ganuwa. Ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini su ne suka zama kududdufai, kuma duk da ƙazantar da ake zarginsu da ita, su ne suke shanye ruwan damina kafin ya gangara Jakara.

Wannan tadbiri ba baƙo ba ne a shari'ar Musulunci. Yayin da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi umarni da a kafa garin Kufa a shekara ta 17 bayan hijira, masallaci aka fara shatawa, aka ƙayyade faɗin manyan hanyoyi zira'i 40, ƙananan lunguna kuwa zira'i 7, kafin ƙabilu su sauka kowa a yankinsa. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya lissafa abubuwan da ya wajaba a duba kafin a kafa gari, daga cikinsu akwai kyawun iska, da kusancin ruwa, da makiyaya, da gonaki, da itacen wuta. A nan gida kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi a kan hukuncin raya mataccen fili da hurumin gari da na rijiya. Fuƙaha'un Malikiyya sun haɗu a kan cewa mallakar mutum ba ta ba shi ikon cutar da maƙwabcinsa da hayaƙi ko wari ko toshe masa hanyar ruwa ba. Ashe ke nan wanda ya ce filina ne, in yi abin da na ga dama, bai faɗi magana mai asali a addini ba.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, sai aka shata sababbin unguwanni a bayan ganuwa: Nassarawa ta ma'aikatan gwamnati, Sabon Gari ta baƙi, Bompai kuma daga baya ta zama ta masana'antu. Lalle tsarin nasu yana da aibin wariya, amma titunan da suka shata su ne har yau motoci ke bi. Bayan samun mulkin kai aka ɗauko wani masanin tsara birane mai suna Trevallion, ya rubuta wa Kano da kewayenta shirin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, kamar yadda Max Lock ya rubuta wa Kaduna nata a 1967, wanda ya hangi har 2017. Wa'adin shirin Kano ya cika shekaru fiye da 40 da suka wuce, gari kuwa bai tsaya jiran kowa ba.

To, yaya garin yake girma a yau? Duk wanda ya fita gefen gari, ko ta Kumbotso, ko ta Ungogo, ko hanyar Gezawa, ko ta Dawakin Kudu, zai ga amsar da idonsa. Magada sun raba gonar mahaifinsu, dillali ya zo da igiya da turaku, an yanka gonar fuloti-fuloti, wani ƙafa 50 da 50, wani ma rabin haka, an bar ɗan lungu wanda da ƙyar kurar ruwa biyu za su gifta juna a cikinsa, domin a idon mai sayarwa kowace ƙafa da aka bar wa hanya asara ce. Mai gonar da ke maƙwabtaka shi ma ya yi nasa awon, ba tare da ya daidaita lungunsa da na farko ba. Wannan shi ne awon igiya. Kafin damina biyar unguwa ta cika maƙil, babu filin makaranta, babu na asibiti, babu maƙabarta, babu magudanar ruwa. Idan gobara ta tashi motar kashe wuta sai ta tsaya a bakin titi, idan naƙuda ta kama mace da dare sai an tallabo ta zuwa inda mota ta iya isowa.

Kada mu gaggauta ɗora laifi a kan talaka. Magidancin da ya shekara goma yana tara kuɗi don ya huta da haya, in ya nemi fulotin hukuma bai samu ba, ko ya tarar farashinsa ya fi ƙarfinsa, babu makawa wurin dillali zai tafi. Awon igiya ya yaɗu ne saboda bukata ta riga tanadi. Sa'an nan abin da aka ƙi kashewa jiya ƙalilan, shi ake kashewa yau ninki-ba-ninki: titin da a dā za a shata shi a cikin gona da turaku kawai, yanzu sai an yi rusau, an biya diyya, an raba iyalai da muhallinsu. A cikin gari kuma an cike kududdufai da shara an yi gini a kansu, ruwan sama ya rasa masauki sai ɗakunan mutane. An ci ganuwa, an yanka filayen makarantu da gefen maƙabartu an yi shaguna. Gidajen mai da masu sayar da gas sun kutsa tsakanin gidajen kwana. Ruwan majemun zamani na Bompai da Sharaɗa da Challawa yana kwarara rafukan da masu lambu ke ban ruwa da su.

Masu sauraro, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mazauna Kano da kewayenta sun haura miliyan 4, kuma lissafi ya nuna cewa jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara tana ninka kanta cikin kimanin shekara 24. Ma'anar wannan ita ce, kafin jaririn da aka raɗa wa suna a makon nan ya yi aure, wata Kanon kwatankwacin wadda muke ciki za ta tsiro a kan gonakin da yanzu ake noma gero da dawa. Gyaran tsohon gari yana da wuya da tsada, amma wannan sabon garin har yanzu yana hannunmu.

Saboda haka wajibi na farko yana wuyan hukuma. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin jama'a, dokar tsara birane ta 1992 kuma ta tanadi shirye-shirye tun daga tarayya har ƙananan hukumomi, ga kuma hukumar tsara birane ta jihar Kano, wato KNUPDA, da aka ɗora wa aikin. Abin da ake bukata shi ne shiri guda mai dogon zango, wanda majalisa za ta mayar doka, ta yadda sauyin gwamnati ba zai sauya shi ba, a kuma fassara shi da Hausa, a liƙa taswirarsa a ofishin kowane hakimi. Ko da babu kuɗin kwalta a yanzu, a shata manyan hanyoyi a cikin gonakin gefen gari, a kafa musu duwatsun iyaka, a dasa bishiyoyi a gefensu, a bar manoma su ci gaba da noma har ranar da za a bukace su. A keɓe filayen makarantu da asibitoci da maƙabartu da hanyoyin ruwa da burtali, a rubuta su da sunan al'umma, a haramta wa kowane mai mulki canza musu manufa a ɓoye. A sauƙaƙa wa mai gona hanyar samun awo na ƙa'ida cikin rahusa, a ba shi rabonsa na adalci, domin wanda aka zalunta a diyya ba zai taɓa zama abokin tsari ba.

Wajibi na biyu yana wuyan masu unguwanni da dagatai, waɗanda sa hannunsu ke tabbatar da cinikin fili: kada su shaida cinikin da bai bar wa hanya da magudana haƙƙinsu ba. Malamai kuma su bayyana wa jama'a a kan mumbari cewa cin hanya zalunci ne, kuma wanda ya bar wani yanki na gonarsa waƙafi don makaranta ko maƙabarta ya yi sadaka mai gudana. Mai sayen fuloti shi ma, kafin ya tambayi farashi, ya tambayi ta ina ruwa ke bi, ina kuma yaransa za su yi karatu.

Waɗanda za su zauna a garin da muke yankawa yau ba su da bakin magana a taronmu, domin galibinsu ba a haife su ba tukuna, kuma wannan ne ya sa haƙƙinsu ya fi nauyi a kanmu. Allah ya ba shugabanninmu basira da tsoronsa, ya ba mu ikon sauke wannan amana.