Kwamfutar Shago Ta Zauna Wayam, Amma Ina Za A Kai Littafin Bashi?

Jama'a, kwanan baya wani yaro a Zongon Sokode ya nuna mini wata ƙaramar kwamfuta da ya haɗa wa mahaifinsa, mai shagon atamfa. Ba ta ajiye komai a cikinta. Manhajar lissafi, ta rasit, da ta ƙirga kaya, kowace tana cikin nata akwati, masana na kiransa kwantena, kamar dai waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Lome. Bayanan kuwa suna can wani wuri dabam. In na'urar ta ƙone ko an sace ta, sai a kawo wata a jona, aiki ya ci gaba.

Ni dai na yaba, don ban manta Janairun 2013 ba, lokacin da gobara ta cinye kasuwar Kara, bayan kwana biyu ta cinye babbar kasuwar Lome. Kaya sun tafi, to amma wanda littafin bashinsa ya kwana a shago ya yi asara biyu. Da me zai tunkari mai bashi a Dapaong ko Sinkase? Da rantsuwa?

Inda muka rabu da yaron shi ne wurin ajiyar. Shi so yake ya zuba komai a rumbun wani kamfani a Turai, ta intanet. Na ce masa, ɗana, shekarunka nawa a 2017? A Satumbar shekarar, bayan zanga-zangar da ta tashi tun 19 ga Agusta, wadda Sokode ke tsakiyarta, an rufe intanet a Togo na kwanaki. Kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka, amma sai a Yunin 2020. Ɗan kasuwa ba zai jira shekara uku kafin ya san nawa yake bin abokin cinikinsa ba. Ko babu hannun gwamnati ma, a ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun tsinke, ƙasashen yankin nan da dama suka sha wuya.

Kwamfutar da ba ta da ajiya kamar shago ce da sitonsa ke wani gari. Muddin hanya a buɗe take, lafiya lau.

Shawarata, Alhaji, siton ya zama naka. A sa faifan ajiya a gida, inda ƙafarka za ta kai ka ko da intanet ya ɗauke, a haɗa masa batir ko sola saboda ɗaukewar wuta. Rumbun Turai ya riƙe kwafi kawai, a tura masa kowane dare. Sannan ran Juma'a a buga jerin masu bashi a takarda, a ba uwargida ta kulle a akwati. Yaron ya yi dariya da na faɗi wannan, mahaifinsa kuwa tambaya ya yi nawa ne kuɗin firinta.