Ra'ayinmu: A Yi Lissafi Tun Tanka Ba Ta Faɗi Ba

A daren 15 ga Oktoba 2024 wata tankar man fetur ta kife a garin Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Mai ya malale cikin lambatu, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna ɗiba, can sai wuta ta tashi. Mutum fiye da 180 suka rasa rayukansu. Bayan wata uku kacal, ran 18 ga Janairu 2025, aka sake yin irin wannan rashi a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, inda fiye da mutum 80 suka ƙone. Manya daga cikin masu karatunmu za su tuna da Jesse ta Jihar Delta, inda bututun mai ya kama wuta a watan Oktoba 1998, ya hallaka fiye da mutum 700.

Duk sa'ad da haka ta faru, abin da muka saba faɗa shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sai a yi jana'iza, a yi addu'a, kowa ya koma sha'aninsa. Ba mu musun cewa rai a hannun Ubangiji yake. Ba ma kuma tare da masu cewa waɗanda suka mutu alhakinsu ne ya kama su, gama a Luka sura 13, da Yesu ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya nuna ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Amma a Maimaitawar Shari'a sura 22 aya 8 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa abin da maginanmu suke kira rawani, domin in wani ya faɗo ya mutu, alhakin jinin yana wuyan mai gida. Wato haɗarin da mutum zai iya hangowa, in ya ƙi tarewa, ba zai fake da ƙaddara ba.

Injiniyoyin manyan masana'antu suna da wani aiki da suke yi tun ba a kafa harsashi ba, wato auna haɗari. Tambaya uku ce ginshiƙinsa. Me zai iya lalacewa? Sau nawa yakan lalace? In ya lalace, wa zai shafa, har zuwa ina? Amsoshin nan su ne suke nuna inda za a sa tanki, da tazarar da za a bari tsakaninsa da gidajen mutane. Inda aka yi sakaci da su, an ga sakamako. A watan Disamba 1984 iskar guba ta tsiyayo daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a Bhopal ta ƙasar Indiya, ta kashe dubbai cikin 'yan kwanaki, galibinsu talakawan da suke zaune dab da katangar masana'antar.

To, mu ɗora tambayoyin nan a kan tankar da take ratsa garuruwanmu. Takan ɗauki lita 33,000 zuwa 45,000, wadda ta faɗi a Dikko kuwa lita 60,000 ce a cikinta. Birki yakan tsinke, taya takan fashe, rami yakan kayar da ita, direba yakan yi gyangyaɗi bayan tuƙin dare. Ba sai an je makaranta ba kafin a san waɗannan suna faruwa kowane wata.

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, tururin fetur ne yake kama wuta, kuma ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, sai ya kwanta ƙasa, ya bi lambatu da kwari, ya yi nisa ba a ganinsa. Tartsatsi ɗaya ya isa: tayar da babur, ƙyasta ashana, gogar bokitin ƙarfe da kwalta, ko kunna janareto, kamar yadda rahotanni suka nuna an yi a Dikko domin juye man zuwa wata tankar. Shi ya sa ƙa'idar da masu aikin ceto suke bi a Amurka ta ce in mai ya zube da yawa a janye mutane mita 300 ta wajen da iska take kaɗawa, in kuwa tankar ta kama wuta, mita 800 ta kowane gefe. Mu kuwa sai mu ruga wurin, har da yara a biye.

Haɗarin bai tsaya a bakin titi ba. A watan Janairu 2020 wani shagon sayar da gas ɗin girki ya fashe a Sabon Tasha cikin Kaduna, cikin waɗanda suka mutu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa a lokacin. Shaguna nawa irin wannan suke jingine da gidajenmu da makarantun yaranmu?

Gwamnati tana da nata kason. Da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, an shimfiɗa bututu zuwa rumbunan mai na Kano, Gusau, Jos, Gombe da Maiduguri. Lalacewa da fashe-fashen bututun ne suka mayar da dakon mai kan titi. Hana tankoki masu lita 60,000 ɗaukar kaya daga 1 ga Maris 2025 mataki ne mai kyau, amma ba zai cike rami ba, ba zai gyara birki ba. Muna kira a gyara hanyoyi, a riƙa binciken motocin da gaske, a keɓe musu wurin tsayawa nesa da kasuwa, a kuma ajiye motar kashe gobara mai kumfa a manyan mahaɗu, domin ruwa zalla ba ya kashe wutar fetur, sai ma ya yaɗa ta. Mun san kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023 rayuwa ta yi tsanani, jarka ɗaya ta zama abincin kwanaki. Wanda yake wa'azi a kan kwaɗayi kada ya manta da yunwa.

Duk da haka ikilisiya ba za ta naɗe hannu tana jiran gwamnati ba. Muna ba da shawara kowace majalisar dattawa ta ware rana guda, su taka da ƙafa su zaga kewayen majami'arsu. Ina gidan mai mafi kusa? Ina shagon gas? Ina kwanar da manyan motoci suka saba faɗuwa? In abu ya faru ana tsakiyar sujada, ta wace ƙofa za a fita, a taru a ina? Su duba kuma inda ake ajiye jarkar man janareton ikilisiya, gama sau da yawa a bayan bagade take, ko a ɗakin Makarantar Lahadi.

Fastoci su faɗa daga kan bagade, ba sau ɗaya ba, cewa man da ya zube ba rabo ba ne, kayan wani ne, kuma ajali ne. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa su koya wa yara abu uku: ka gudu ta inda iska take fitowa, kada ka kunna kome, ka sanar da hukumar kiyaye haɗurra a lamba 122. A gayyaci ma'aikatan kashe gobara su yi bayani, a kira maƙwabtanmu Musulmi da mai unguwa a saurara tare, domin wuta ba ta tambayar addinin kowa. Direbobi da masu tankoki da suke cikinmu kuma, su sani gyaran birki ma aikin ƙaunar maƙwabci ne.

Muna ta'aziyya ga dukan iyalan da suka yi rashi. Ubangiji ya ta'azantar da su, ya ba mu hikimar yi wa soronmu rawani tun ba wanda ya faɗo.