Shafi 1,000 a kwana biyu: wa muke yaudara?

1/ Zare ne mai ɗan tsawo, a yi haƙuri. Magana ce kan yayin da ya shigo mana na gudun fanfalaƙin karatu a ƙarshen mako, da yadda ake ƙirga wanda ya fi wani. 'Yan Anka, Gummi da Bukkuyum, da ku nake musamman, don a guruf-guruf ɗinmu nake ganin abin. Mai saurin fushi ya tanadi ruwan sanyi. 🧵

2/ Ga yadda ake yi. Daren Juma'a a kafa ƙa'ida a WhatsApp, kowa ya ɗauki littafi, Asabar da Lahadi a duƙufa. Bayan kowace awa biyu sai saƙo ya fara zuba: ina shafi 140, ina 310, na gama na biyu. Daren Lahadi a jera sunaye, mai yawan shafi a sama, a zuba masa 🔥🔥. Litinin kowa ya kama gabansa.

3/ Tun kafin wani ya ce ina hana karatu, a'a wallahi. Matashin da ya ajiye TikTok kwana biyu ya rungumi littafi ya yi abin a yaba masa. Rigimata da ma'aunin ce. Mudun da muke awo da shi hudajje ne, mun kuma san hudajje ne, amma muna ta awo muna tafa wa juna.

4/ Mu fara da lissafi. A 2019 wani masani a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam, Marc Brysbaert, ya tattara bincike 190 kan saurin karatu. Abin da ya samu: baligi mai karanta Turanci a zuci yana cin kalma kusan 238 a minti ɗaya in littafin ilimi ne, 260 in ƙagaggen labari ne.

5/ To ɗauki shafi mai kalma 300. Shafi 1,000 ya zama kalma 300,000 ke nan. Raba da wancan saurin, za ka samu awa 19 zuwa 21 cur. Ba sallah a ciki, ba cin tuwo, ba aiken Inna, ba leƙa gona, ba ɗaga kai ka yi tunanin abin da ka karanta. Kuma wannan saurin gwanaye ne a harshen da suka saba da shi.

6/ Yanzu kai da ka je ɗaurin aure da hantsin Asabar, da dare aka gan ka a gidan kallon ƙwallo, ka zo daren Lahadi ka ce mana shafi 1,000? Ido ya bi ta kan shafukan, na yarda. Babban yatsa ya sha aiki a kan waya, shi ma na yarda. Karatu kam, mu bar maganar nan.

7/ Shi kansa shafin, wane shafi? Na littafin lissafin SS2 da za ka wuni kan guda biyu, ko na labari a waya da layi goma ke cika fuskar? Marubutan intanet ma abin da suke kira shafi, kashi guda ne na labarin da suke saki a rana. Mun haɗa buhun gero da buhun ƙaiƙayi mun ce ai duka buhu ne.

8/ Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Yarinya tana shirin JAMB, littafin kimiyya ya kamata ta buɗe. Ta san in ta buɗe shi shafi 25 za ta kawo, a sa ta a ƙasan jeri. Sai ta ture shi ta ɗauko abin da ke gudu da kansa. Jerin sunayen nan shi ya zaɓa mata littafi, ba buƙatarta ba.

9/ Wani masanin tattalin arziki ɗan Ingila, Charles Goodhart, ya lura da irin haka tun 1975: da zarar an mai da ma'auni abin da ake tsere a kai, ya daina faɗin gaskiya. Mu a nan ba sai an kira Bature ba. Ka ce wa ɗan ƙodago da yawan kunyoyin da ya ratsa za ka biya shi, ka ga yadda ciyawa za ta kwana lafiya.

10/ Ina muka samo wannan? A watan Mayun 2023 Hilda Baci ta yi girki a Legas, Guinness ta tabbatar mata da awa 93 da minti 11. Daga nan ƙasa ta ɗauka, kowa da nasa fanfalaƙin. A Satumbar shekarar John Obot ya zauna a Uyo ya sa gaba karatu a bayyane na awa 145.

11/ Ba ni da matsala da su. Juriya suka je gwadawa, kuma juriya aka auna musu. Ba wanda ya tare mai neman kambun Guinness ya ce faɗa mana me babi na bakwai ya ƙunsa. Mu ne muka ari sikelin masu juriya muka ɗora wa ɗalibin da jarabawa ke jiransa.

12/ Ga wani bincike da ya kamata duk mai kula da guruf ɗin karatu ya sani. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi zama huɗu. Wasu zama ɗaya suka karanta, sauran ukun suka rufe takarda suna rubuta abin da suka tuna.

13/ Bayan minti biyar aka gwada, masu maimaita karatu suka fi. Bayan mako guda aka gwada, labari ya juya: masu rufe takarda sun riƙe kusan kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kusan 40. Abin dariyar, masu maimaitawar su suka fi cika baki cewa za su tuna.

14/ Kun gane inda na dosa? Jerin daren Lahadi shi ne gwajin minti biyar. Lokacin kai na cike, labari na ɗumi, kowa na jin shi malami ne. WAEC, NECO da JAMB kuwa ba daren Lahadi suke zuwa ba. Rayuwa ma haka. Bayan wata uku za ta tambaye ka, littafin ba ya hannunka.

15/ Abin takaicin, dabarar da waɗancan suka gano a ɗakin bincike tana nan a ƙofar gidanmu. Je makarantar allo kowace unguwa a Anka. Yaro zai rubuta ɗan abin da zai iya ɗauka, malam ya duba ya gyara, ya biya masa, ya koma gefe yana ta nanatawa. Ba ya wanke allon nan sai ya dawo ya kawo, malam ya ji ya gamsu.

16/ Kada wani ya ce su ba sa ƙirge. Sun fi mu ƙirge nesa ba kusa ba. Izu 60, kowane izu sumuni 8, sumuni 480 ke nan, kuma kowane gardi ya san daidai inda ya tsaya. Sai dai abin da ya shiga lissafi shi ne wanda aka saurara daga bakinka. Wanda ido kawai ya gani ba a sa shi.

17/ Bayan haka ga tilawa, a koma baya a bi abin da aka wuce don kada ya zube. Shi ya sa ba ka taɓa jin an kira mutum alaramma don ya fi kowa saurin buɗe shafi ba. Tsarin yana da nasa matsalolin, wannan zancen wata rana ne. Amma kan yadda ake bin diddigin karatu, sun riga manhajojin waya da ɗaruruwan shekaru.

18/ 'Yan Gummi, ku ne ma bai kamata a yi wannan gardamar da ku ba. Garinku ya haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi: Alƙalin Alƙalan Arewa, mai fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, wanda ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Fassara aiki ne na tsayawa kan kalma guda har sai ta ba da ma'anarta. Mai tseren shafi ba ya iya ta.

19/ Na san amsar da za a ba ni: ai gasa ce ke sa himma, in babu jeri ba wanda zai karanta. To mu duba wa take sa wa himmar. Mutum biyar na sama, waɗanda da ma masu karatu ne. Na ƙasa fa? Mako na farko ya kawo shafi 30 aka yi shiru. Na biyu ya ƙara sifili a kai don kunya. Na uku ya fita daga guruf.

20/ Kuma ku tuna su wa ke ƙasan jerin nan a yankinmu. A farkon Satumbar 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, an rufe makarantun Zamfara gaba ɗaya. Kafin nan ga Jangebe a Fabrairun shekarar. Akwai ƙannenmu da suka yi watanni ba aji, akwai waɗanda ƙauyensu ya tashi suka dawo gari da buhu a ka.

21/ Akwai kuma abin da ba mu son tunawa. A 2010 gubar dalma daga aikin zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da Yargalma, daga baya aka gano ta a Bagega. Likitoci sun tabbatar dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa riƙe karatu. Yaran da suka tsira su ne samari da 'yan matan yau.

22/ Wanda ya ratso duk wannan ya zauna ya karanta shafi 12 a kwana biyu, ya fahimce su, ya iya ba ka labarinsu, wallahi ya yi abin da mai shafi 1,000 bai yi ba. Jerinku kuma a ƙasa zai sa shi. Ma'aunin da ke kunyata wanda ya fi kowa buƙatar ƙarfafawa, me sunansa in ba zalunci ba?

23/ Wasu za su ce a koma manhaja, Goodreads da ire-irenta, su ƙirga mana. Madalla ga mai wuta da data. Amma mu da aka yanke wa sabis a Satumbar 2021, muka yi makonni sai an yi tafiya kafin a kira ɗan uwa, mu ne za mu ajiye tarihin karatunmu a abin da sai da sabis yake buɗewa? Ita ma ɗin shafi da adadin littafi ta fi ƙirgawa.

24/ To me za a yi? Ban ce a daina zaman ƙarshen mako ba, ban ce a daina bin diddigi ba. A canza abin da ake rubutawa. Nemi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare da biro. Ba ya son caji, ba ya neman sabis, ba ya nuna wa kowa sirrinka. Shi ne allonka.

25/ Ka raba wuni zama-zama, kada ka yi shi a miƙe. Misali bayan asuba zuwa hantsi, bayan azahar kaɗan, sai bayan isha'i in akwai fitila. Kowane zama minti 40 zuwa awa ɗaya ya isa. Zama uku ranar Asabar, uku ranar Lahadi, shida ke nan, kuma ba ka bar aiken gida ya zube ba.

26/ Ƙarshen kowane zama ka rubuta abu huɗu. Na ɗaya, inda ka tsaya, don ka san inda za ka tashi. Na biyu, ka RUFE littafin ka rubuta layi uku na abin da ka riƙe, da kalmominka. Na uku, abu guda da bai shige ka ba. Na huɗu, wanda za ka tambaya ko za ka ba labarin.

27/ Na biyun nan shi ne wanke allo. In ka rufe littafi layi uku suka gagara, wannan zaman bai shiga lissafi ba, koma ka sake. Zai yi ciwo ranar farko, don za ka ga yawan abin da ke zubewa. Gara ka gani a ɗakinka ranar Asabar da ka gani a zauren jarabawa.

28/ Masu kula da guruf, ga naku. Ku soke jerin shafi. Daren Lahadi kowa ya turo saƙon murya na minti biyu: me na karanta, me na riƙe, ina na maƙale. Wanda ya san amsar inda wani ya maƙale ya taimaka masa. Mai kunyar murya ya ɗauki hoton layukansa uku ya turo.

29/ Sannan ku ƙara tilawa. Ranar Laraba ko Alhamis a dawo, kowa ya faɗi abu biyu daga karatun ƙarshen mako ba tare da ya buɗe komai ba. In dai sai an yi jeri hankalinku zai kwanta, to ku jera wannan. Ina tabbatar muku sunayen sama za su canza, kuma wasu masu 🔥 za su yi ɓatan dabo.

30/ Ke da ke ƙasan jeri kina jin kamar ba ki iya ba, kada ki fita. Kai ma haka. Sannu ba ta hana zuwa. Shafi 12 da suka zauna a kai, mako 50 a shekara, shafi 600 ne da ba mai ƙwace muku su, ko an yanke sabis ko an rufe makaranta.

31/ Masu shafi 1,000 kuma, ga gayyata cikin girmamawa. Littafin da kuka ce kun cinye makon jiya, a bar shi a rufe. Ranar Laraba ku turo mana muryar minti biyu kan abin da ke tsakiyarsa, ba farko ba, ba ƙarshe ba. Wanda ya kawo, ni zan fara tafa masa. A tura wa shugaban guruf ɗinku wannan zaren.