FILIN MATA: Dogaran Jiki da Ciwon Daji

  A wannan mako na ajiye zancen da na shirya, sabo da wata takarda da ta zo mini daga wata yarinya 'yar sakandare a ƙasar Bulangu. Ta roƙe ni kada in faɗi sunanta, na kuwa karɓi roƙonta. Ga abin da ta ce:

"Gwaggo, bayan gaisuwa mai yawa da ladabi. Wata huɗu ke nan Innata ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu. Ba ya ciwo, amma yana ƙara girma. Ran kasuwa wani mai magani ya zo da mota da lasifika, ya ce kwalbarsa tana ƙara garkuwar jiki, wai yanzu ko Turawa sun bar fiɗa, da garkuwar jiki su ke kashe ciwon daji. Inna ta sayar da tunkiyarta ta sayi kwalba uku. Ta ce ba za ta asibiti ba, gama daji ba ya son allura. Gwaggo, gaskiya ne abin da mutumin nan ya faɗa? Me zan gaya mata?"

'Yata, Allah ya yi miki albarka da ki ka tambaya. Mutumin nan ya tsinci ƙwayar gaskiya guda ɗaya ya jefa cikin buhun ƙarya. Bari in tsince miki ita, domin ki san abin da za ki riƙe da abin da za ki watsar.

JIKI GARI NE MAI KAFI

Mu a nan ba sai an yi mana bayanin kafi ba, tun da yana cikin sunan garinmu. To, ku ɗauki jikin mutum kamar gari mai kafi. Fata ita ce shingen, sa'an nan a ciki akwai dogarai masu yawo dare da rana, watau fararen ƙwayoyin jini. Baƙuwar ƙwayar cuta in ta shigo, sai su gane ba 'yar gari ba ce, su far mata. Wannan tsari shi likitoci ke kira garkuwar jiki.

Wahalar ciwon daji ita ce ba baƙo ba ne. Ƙwayar jikin mutum ce ta kansa ta lalace, ta shiga hayayyafa ba tsayawa, har ta zama ƙari, daga nan ta tura 'ya'yanta wasu sassan jiki. Da ya ke 'yar gida ce, sau da yawa dogarai su kan wuce ta ba su taɓa ta ba. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari. Shi ya sa masana su ka daɗe suna neman dabarar da za su farkar da dogaran nan su gane maci amanar da ke cikin gida.

LABARIN INTAFERON

A shekarar 1957, a wani gidan bincike da ke Landan, masana biyu, Alick Isaacs mutumin Birtaniya da Jean Lindenmann mutumin Siwizalan, suna gwaji da ƙwayar cutar mura a kan tantanin ƙwan kaza. Sai su ka lura ƙwayar jikin da cuta ta shiga ta kan fitar da wani sinadari, wanda in ya isa ga maƙwabtanta sai cutar ta kasa yaɗuwa cikinsu. Kamar dai matar da ɓarawo ya shiga ɗakinta ta yi kururuwa, maƙwabta su ka ji, kowa ya rufe ƙofa ya ɗauki sanda. Su ka sa wa sinadarin suna intaferon, daga kalmar Turanci mai nufin katsalandan, domin yana yi wa cuta katsalandan cikin aikinta.

Daga baya aka gane kururuwar nan tana kuma zuga dogaran jiki, tana rage saurin hayayyafar waɗansu ƙwayoyin daji. Amma samunsa ya yi wuya ƙwarai. Wani likita a ƙasar Finlan, Kari Cantell, ya yi shekaru yana tatso shi daga jinin da mutane su ka ba da kyauta, sai a tara jini mai yawa kafin a sami ɗan mitsitsi. Sai a 1980 masana su ka iya sa ƙwayoyin bakteriya su riƙa sarrafa shi da yawa. Duniya ta ɗauki ɗoki, jaridu su ka yi ta yayatawa kamar ƙarshen ciwon daji ya zo.

To, me ya faru? A 1986 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da shi ga wani irin dajin jini wanda ba shi da yawa, ya kuwa yi aiki. Aka yi amfani da shi ga waɗansu irin dajin jini, da na fata, da na ƙoda. Amma ga dajin mama da na huhu da sauran waɗanda su ka fi kama mutane, bai cika burin da aka ɗora masa ba. Ga shi kuma da wahalar da mai karɓarsa: zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon gaɓoɓi, kasala, wani ma har da ƙuncin zuciya. Tun daga 2001, da aka sami ƙwayar magani mai suna imatinib, ta karɓe masa wuri wajen wani dajin jinin. Yau amfaninsa ga daji ya ragu, ko da ya ke likitoci suna ba da shi ga waɗansu cututtukan jini da ciwon hanta.

Ku lura da kyau, 'yan'uwana. Wannan magani ne wanda manyan masana su ka yi kusan shekara 30 suna wahala a kansa, duk da haka 'yan cututtuka kaɗan ya iya. Ina ga kwalbar da ba a san abin da ke cikinta ba, wadda aka ce tana maganin daji da basir da sanyi duka?

ALLURAR DA KO WACE UWA TA SANI

Ga wani misali na kusa da gida. Ku duba damtsen jaririnku, za ku ga tabon allurar BCG ta rigakafin tarin fuka. A 1976 wani likita a Kanada, Alvaro Morales, ya nuna in an zuba wannan BCG cikin mafitsara ta siririn bututu, sau ɗaya a mako har mako 6, dogaran jiki su kan taru a wurin su far wa ƙwayoyin daji. Har yanzu a na yin haka, amma ga wani iri kaɗai, wanda bai riga ya ci naman mafitsara ba, kuma bayan an kankare ƙarin a asibiti.

Zancen mafitsara ya shafe mu, mu da ke kusa da kogin Haɗeja da fadamun shinkafa. Tsargiya, watau fitsarin jinin da yara ke samu wurin wanka a kududdufi, in ta daɗe shekara da shekaru ba magani tana iya jawo dajin mafitsara in an girma. Kada uwa ta ce alamar balaga ce. A kai yaro asibiti, maganinta ƙwayoyi ne masu sauƙi.

SABBIN MAGUNGUNA

Dogaran jiki suna da linzami, wanda Allah ya sa musu don kada su afka wa mutanen gari. Masana biyu, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Jafan, su ka gano yadda linzamin nan ke aiki, aka kuma gane ƙwayar daji ta kan kama shi ta ja, dogari ya tsaya cik. Sai aka haɗa magungunan da ke sakin linzamin. Na farko ya fito a 2011, aka ba su biyun kyautar Nobel a 2018.

Iyayenmu ba za su manta da kurkunu ba, da kuma Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda ya haɗa kai da Janar Yakubu Gowon wajen yaƙi da ita har aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita a 2013. To, a 2015, yana da shekara 90, aka sami dajin fata ya bazu zuwa hantarsa da ƙwaƙwalwarsa. Aka yanke ɓangaren hantar, aka yi masa gashi da na'ura, aka kuma ba shi irin sabon maganin nan mai suna pembrolizumab. Kafin shekarar ta ƙare ya ba da labari hoto bai nuna dajin ba. Ya rayu har Disamba 2024, ya rasu yana da shekara 100.

Kun ga fa, har shi sai da aka yi masa fiɗa, allura kuwa ita ce hanyar da maganin ya shiga jikinsa. Ina zancen Turawa sun bar fiɗa? Ina zancen daji ba ya son allura? Sa'an nan ku sani magungunan nan ba kowa su ke yi wa aiki ba. Wani lokaci dogarin da aka sakar wa linzami ya kan juya kan huhu ko hanji ko fatar mai shi, dole likita ya sa ido. Kuɗinsu kuwa miliyoyin naira ne, a manyan asibitoci a ke ba da su, bayan an ɗebi ɗan naman ƙarin an auna an san irinsa. Ko dajin mama iri-iri ne. Akwai wani iri, wajen ɗaya cikin biyar, wanda a ke ba shi allurar trastuzumab, wadda ta fito a 1998, tana manne wa ƙwayar daji ta nuna ta ga dogarai. Sauran ire-iren ba ta yi musu kome. Wa zai san irin da mace ke da shi in ba a auna ba?

RABONMU DA KE BAKIN ƘOFA

Kada wata ta ce wannan ilmi na masu kuɗi ne kaɗai. Akwai rabonmu a ciki, kyauta kuwa. Allurar rigakafi ita ma koya wa dogaran jiki ce su gane maƙiyi tun bai iso ba, rigakafi kuwa ya fi magani.

Ta farko ita ce ta ciwon hanta mai lamba B, wadda ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya a 2004. Wannan cuta ita ce babbar mai jawo dajin hanta a ƙasashenmu. A na so a yi wa jariri ta fari cikin awa 24 da haihuwa. In a gida ki ka haihu, kada a jira suna, a kai shi asibitin unguwa ran nan.

Ta biyu ita ce ta HPV, ƙwayar da ke jawo dajin bakin mahaifa. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2020 mata wajen 12,000 su ka kamu da wannan daji a Nijeriya, wajen 8,000 su ka rasu. Ran 24 ga Oktoba 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar, Jigawa da Kano suna cikin jihohin farko. Sau ɗaya a ke yi. Na ji masu cewa tana hana haihuwa. Ƙasashe da yawa suna yin ta tun 2006, waɗanda aka yi wa sun yi aure sun haihu. Ke uwa, ki tambayi malamar asibiti ko 'yarki ta isa.

ABIN DA ZA KI GAYA WA INNA

Yanzu na dawo gare ki, 'yata. Kada ki yi wa Inna gardama, kada ki ce ta yi asarar tunkiya, abin da ya wuce ya wuce. Ki sami lokacin da ta ke cikin natsuwa ki karanta mata wannan fili. In nauyin bakin ya yi miki yawa, ki sami Baba ko wata gwaggonki da ta ke jin maganarta.

Ki gaya mata yawancin ƙullutun mama ba daji ba ne, mai yiwuwa awo ya kwantar mata da hankali. Amma ƙullutu mai tauri, mara ciwo, mai ƙara girma wata huɗu, ba abin jira ba ne. Ku tafi Babban Asibitin Kafin Hausa cikin makon nan. In likita ya ga da bukata zai ba ku takarda zuwa asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda za a ɗauki hoto a auna naman. Ku tafi da kwalbar ku nuna masa. Kada a yi sakiya, kada wanzami ya tsaga, kada a shafa abin da zai ƙone fata. Addu'a kuwa a yi ta yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Dajin mama in an kama shi yana ƙarami, mata da yawa su kan warke su ci gaba da renon jikokinsu. Abin da ke kashe matanmu shi ne watannin da a ke ɓatawa daga wannan kwalba zuwa waccan, har ƙarin ya fashe, sa'an nan a kai asibiti, in ta rasu a ce allura ce ta kashe ta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Sauran 'yan'uwa kuma, ko wace ta riƙa shafa mamanta da hammatarta sau ɗaya a wata, bayan ta yi wankan al'ada. In kin ji ƙullutu, ko kin ga fatar ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan maman ya shige ciki, ko jini na fita, to, kada kunya ta rufe miki baki.

'Yata, ina jiran takardarki ta biyu in ji yadda ku ka yi da likita. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa abin ya zo da sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku,
Gwaggon Filin Mata